Yadda Ake Ɗaukar Hoton Cikin Garin Bauchi, Daga Leƙen Wuri Har Wanki

Tun ranar da na wanke hoton wani tsohon zaure na unguwar Jahun na rataye a shago, tambaya ɗaya ke ta zagayowa: "Da wace kyamara ka ɗauka?" In na ce da waya ce, sai a yi mini kallon mai rowar sani. Wasu sun je wurin da ƙafarsu, sun ɗauka, sun dawo suna ƙorafi: sama ta fito fari fat, bango ya karkace kamar zai kife, wayoyin lantarki sun cika hoton. Wani ma da ƙyar ya ƙwaci wayarsa a hannun samarin unguwa. Zauren nan sau huɗu na je masa, a zuwa na huɗu na danna. Abin da na yi a sauran zuwa ukun shi ne mafi yawan abin da ke ƙasa, kuma a bi shi yadda na jera, don kowane mataki a kan wanda ya gabace shi yake zaune.

1. Zuwan farko: waya a aljihu

Ranar farko ba ranar ɗauka ba ce. Zaɓi yanki guda. Ganuwar da aka yi wa Bauchi bayan Malam Yakubu ya kafa garin a 1809 ta haura kilomita goma a kewaye, kuma duk wanda ya ce a wuni ɗaya zai gama da Ƙofar Wunti, Ran, Wase, Nasarawa, Jahun, Dumi, Inkil, Tirwun da Wambai, zai koma gida da kumburarriyar ƙafa da hotuna irin na kalanda. Ɗauki ƙofa ɗaya, bi titin da ya shige ta, ka karya cikin lungu biyu ko uku.

Kada ka tsaya a kan ƙofar kanta da yawa. Yawancin ƙofofin da ake gani yau ginin siminti ne da aka sabunta, kowa ma ya ɗauke su. Abin nema yana ciki: zauren ƙasa mai zankwaye, ƙyauren katako mai ƙusoshi, indararo, bangon da aka yi wa dagi da hannu, dakalin da zama ya goge har yana sheƙi. Kowace damina irinsu na raguwa, bulo da kwano na cin wurinsu.

Riƙe ɗan littafi. Duk ginin da ya tsaya maka a rai, rubuta abu huɗu: inda yake, inda fuskarsa ke kallo, abin da ya tare gabansa, da lokacin da wurin ke cika. Sanin inda ya fuskanta ba wuya. Manhajar alƙibla da ke wayarka ta isa, domin a Bauchi alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa. Wannan layi ɗaya da za ka rubuta, "yana kallon kudu" ko "yana kallon yamma", shi zai faɗa maka ƙarfe nawa za ka dawo.

Hattara: a cunkoson Wunti, Muda Lawal ko Babbar Kasuwa kada ka riƙa tafe da waya a tafin hannu kana kallon sama. Mai kallon zanko ba ya ganin ɗan sane.

2. Zuwa na biyu: gaisuwa da neman izini

Nan ne mafi yawan masu tambayata suke faɗuwa, nan ne kuma ni ma na faɗi. A farkon farawata na tsaya a wani lungu na saita wata ƙofa mai shuɗin fenti, ina dannawa wata mata na fitowa. Ban ma lura da ita ba sai da na ji an dafa kafaɗata. Kafin ka ce kwabo samari biyar sun kewaye ni. Sai da na goge hoton a gabansu, na shiga kwandon shara na waya na sake gogewa, wani dattijo ya sa baki, sannan aka sake ni. Gaskiyarsu ce. Ni ƙofa na gani, su matar gidansu suka gani a wayar baƙo.

Ga yadda nake yi yanzu. Duk zauren da nake so, ina neman wanda ke zaune a dakalinsa ko mai shagon da ke kusa. In yi sallama, in rage tsawo, in gaisa gaisuwa cikakkiya, ba ta mai sauri ba. Sai an gama tambayar gida da gajiya sannan in faɗi abin da ya kawo ni. A zauren Jahun ɗin nan, haka muka yi da mai gidan:

"Baba, wata alfarma na zo nema. Ginin nan ne ya ba ni sha'awa, ina so in ɗauki hotonsa."

Ya dube ni, ya waiga ya dubi bangon. "Samari, me za ka yi da hoton bangon da ke jiran damina ta kayar?"

"Shi ya sa, Baba. Irinsa sun yi ƙaranci."

"Gwamnati ce ta aiko ka?"

"A'a, wallahi, sana'ata ce. In na wanke zan kawo muku naku."

Ya yi shiru, can ya ce in bari sai gobe, a share ƙofar gidan, a kwashe jarkokin da ke jingine. Tambayar nan ta "gwamnati ce ta aiko ka?" za ka sha jinta, don mutanen cikin gari sun ga an auna gidaje an yi musu jan fenti saboda faɗaɗa titi. Amsa ta a fili, kada ka yi kwana-kwana.

In aikin zai ɗauke ka kwanaki a unguwa ɗaya, je ka gaida mai unguwa, ka gaya masa sunanka da na unguwarku. Ka kuma samu ɗan rakiya daga cikin samarin wurin. Da ɗan gari akan ci gari: shi zai ce maka wancan gidan ana zaman makoki, wancan lungun ba ya ɓullewa, wancan tsohon ba ya son hoto ko da kuɗi.

Kada ka fara miƙa kuɗi. Dattijo kan ji kamar ka raina shi, yara kuma in ka ba ɗaya, ka sayi rakiyar ashirin har magariba. Goro ga tsofaffi, ciniki ga mai sana'a: in za ka ɗauki mai shayi, zauna ka sha shayinsa tukuna. Almajirai kuwa, malaminsu ake tambaya, kuma hoton yaro da kwanon bara a hannu ba shi ne hoton gari ba.

'Yan'uwa mata masu wannan sha'awa, kuna da abin da mu ba mu da shi. Namiji iyakarsa zaure. Ke kina iya sallama ki shiga har tsakar gida, ki ga shigifa, rumbu, murhu, jeren ɗakin tsohuwa. Sai dai ki faɗa wa matan gidan inda hoton zai je tun kafin ki ɗauka, wadda ta ce ban da fuskarta, ban da fuskarta.

Hattara: akwai wuraren da gaisuwa ba ta buɗewa. Gidan Gwamnati, barikin soja na Shadawanka, ofisoshin 'yan sanda, shingen bincike da bankuna, kada ka ko ɗaga waya. Ka kuma tuna gidan gyaran hali na Bauchi yana nan kusa da fada da babban masallaci, mutum na iya saita hasumiya katangarsa ta shigo hoton bai sani ba. Jirgi marar matuƙi kuwa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In ba ka da takarda, bar shi a gida.

3. Kaya da abin kashewa

Wayar da ke hannunka ta isa farawa, in dai kyamararta ba ta tsage ba. Abin da za ka ƙara kaɗan ne: ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, fawa-banki mai 10,000mAh, ruwan sha, hula, takalmi rufaffe saboda kwata, da jaka wadda ba ta yi kama da ta kyamara ba.

Mai son sayen kyamara, ta hannu mai gilashin ido (lens) 18-55mm ta wadatar, kada a ruɗe ka da dogon gilashi, lungu ba shi da filin da za ka yi amfani da shi. Kafin ka biya, haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai farin zare-zare kamar saƙar gizo, in akwai, ajiye musu kayansu. Ɗauki hoton farar takarda ka buɗe shi sosai ka ga ko akwai ɗigo-ɗigo. Batir biyu, katin mimori biyu. Kati mai 64GB yana ɗaukar hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, wajen dubu biyu a kyamara mai megafiksel 24, saboda haka ba ka bukatar wanda ya fi shi. Sanda mai ƙafa uku sai in za ka yi aikin cikin soro ko na bayan faɗuwar rana. A lungu tana tare hanya, tana kuma tara jama'a.

Farashi a yanzu ba ya kwana inda ya wuni, don haka yi lissafi da abubuwa, ba da lamba ba: kuɗin Keke zuwa da dawowa sau uku ko huɗu, ba sau ɗaya ba, sai goro, ihsanin ɗan rakiya, data, da kuɗin wanki har da kwafin da za ka kai wa masu gida. Ni dai ba na fita in babu kamar naira dubu biyar a aljihuna, kuma ƙananan canji, don a cikin lungu ba kowa ke karɓar tiransifa ba.

4. Zaɓen wata da sa'a

Buɗe littafinka. A Bauchi rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 saura kwata, tana faɗuwa tsakanin wajen 6 da 7 saura kwata na yamma, gwargwadon wata. Sa'a ɗaya da rabi bayan fitowarta, da sa'a ɗaya da rabi kafin faɗuwarta, nan ne jar ƙasa ke fito da launinta. Ginin da ke kallon gabas na safe ne, mai kallon yamma na la'asar sakaliya ne. Wannan kowa zai iya ganewa.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba: daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi, daga Satumba zuwa Maris kuma ta kudu. Ke nan bangon da ke kallon kudu, a watan Disamba yana shan haske wuni guda, a watan Yuni kuwa yana cikin inuwa. Mai kallon arewa akasin haka. In ka je wa gini a watan da ba nasa ba, ko da wace kyamara ce sai ya fito a dushe. Zauren Jahun kudu yake kallo. Na fara ganinsa cikin damina, na haƙura da shi har Nuwamba.

Sai batun zanen bango. Dagi da sauran adon da magina ke yi da yaɓe ba fenti ne ke fito da su ba, inuwa ce. In haske ya daki bango gaba da gaba, zanen sai ya shafe. In ya zo ta gefe yana shafar bangon, kowane tudu sai ya jefa 'yar inuwarsa, har sawun yatsun magini za ka gani. Don haka bango mai kallon kudu, je masa da sassafe lokacin sanyi, rana na ɓullowa ta gefensa. Mai kallon gabas kuwa, launi da safe, amma zane sai hantsi ya ɗaga, wajen 10:30 zuwa 11, lokacin da hasken ke gangarowa daga sama.

Hunturu da damina kowanne da halinsa. Cikin hazo sama fara ce, ba abin da za ka yi mata, sai ka rage ta a hoton ko ka fitar da ita gaba ɗaya. Amma hazo na da kyautarsa: dogon titi yakan rabu hawa-hawa, na kusa baƙi, na tsakiya toka-toka, na nesa kamar hayaƙi, rana kuma takan zama jan faifai da ido ke iya kallo. Damina ita ce ta mai son shuɗiyar sama da gajimare. Washegarin ruwan dare bango ya jiƙe ya yi duhu, ƙura ta kwanta, duwatsun da suka kewaye gari irin su Warinje sun yi kore. Ruwan da ya kwanta a hanya ma madubi ne, in ka durƙusa.

Hattara: tsakanin faɗuwar rana da duhu minti ashirin ne da 'yan kai, kuma lokacin sallar magariba ne. Kada ka tsaya a ƙofar masallaci kana saiti mutane na sahu. Haka ranar Juma'a daga hantsi zuwa bayan saukowa, kewayen fada ba wurin kafa sanda ba ne.

5. Saiti kafin dannawa

Goge idon kyamara. Rabin hotunan da ake nuna mini ana cewa hazo ne, maiƙon yatsa ne.

A waya, shiga saiti ka kunna layukan raga, abin da aka rubuta wa Grid. Kashe filashi, kashe duk wani abin gyaran fuska, kashe tambarin sunan waya da ke fitowa a ƙasan hoto. Taɓa ginin a fuskar waya, alamar rana za ta fito, ja ta ƙasa kaɗan har sama ta daina ƙonewa. Wurin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya, wanda ya ƙone fari ya tafi ke nan. Kunna HDR, saitin da ke daidaita haske da inuwa, in rabin lungun rana ne rabi inuwa. Tsaya a 1x ko 2x, wato lambobin jawo hoto kusa, kada ka ja hoto da yatsu biyu, yankewa kawai wayar ke yi tana zubar da inganci.

A kyamara, sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100 ko 200 da rana, buɗin ido f/8, ka bar ta ta zaɓi saurin ƙiftawa, amma ka sa ido kada ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe da ita. Cikin zaure ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ka jingina kafaɗa da bango. Ɗauki RAW in tana yi.

Hattara: kada ka cire gilashin kyamara a waje lokacin hunturu. Na taɓa sauyawa a bakin titi iska na kaɗawa, duk hoton da na ɗauka ranar ya fito da ɗigo uku a wuri ɗaya, sai da na kwana biyu ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. In dole ne, shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa.

6. Tsayar da ginin a kan ƙafarsa

Abin da ke sa gini ya yi kamar zai kife baya shi ne ɗaga kan waya sama don zanko ya shigo. Da ka karkata ta, layukan tsaye sai su nufi juna. Maganinsa uku. Ja da baya iyakar yadda lungun ya bari, ka koma 2x. Riƙe wayar a miƙe, layin raga ya hau kan gefen ƙofa ko kusurwar bango daidai. In ƙasa ta yi yawa a hoton, bar ta, za ka yanke daga baya. In kuma babu wurin ja da baya, ɗaga hannuwanka sama da kai, ko ka hau dakalin da ke fuskantar gidan, da izini. Na 0.5x kuwa ajiye shi sai cikin soro, a waje yana lanƙwasa gefuna, yana mai da mutumin da ke bakin hoto kamar an ja shi.

Bar sarari a kowane gefe fiye da yadda kake so. Gyaran karkata yana cin gefe, mai wanki ma yana ci.

Kowane gini ina yi masa ɗauka uku. Ta nesa, wadda ke nuna shi cikin maƙwabtansa, har da gidan bulon da ya matse shi. Ta tsakiya, ƙofa da zankwaye da dakali. Sai ta kusa, kuma a nan nake daɗewa: ƙusar ƙyaure, bakin indararo da zanen da ruwa ya bari a ƙarƙashinsa, kan azara da ya leƙo, tsagar da ta bi tsakiyar dagi, allon karatu a jingine, lambar ƙidaya da aka rubuta da alli shekarun baya ba wanda ya goge. In an ba ka izinin shiga zaure, tsaya daga ciki ka kalli waje, ka saita haske a kan titi. Bakin ƙofar zai yi baƙi ya zama firam, duk abin da ya gifta ya shiga hoto. Ɗaga kai kuma, in rufin bakan gizo ne, kwanta da baya a tsakiyar ɗakin ka ɗauke shi, kunyar minti ɗaya ce.

Wayoyin lantarki da fastocin 'yan siyasa: matsa taku biyu hagu ko dama, sau da yawa falwaya na ɓuya bayan bishiya. In ta ƙi, bar ta. Ni ba na goge waya daga hoto. Haka garin yake a shekarar da na ɗauka, kuma wanda zai kalla nan da shekara talatin zai so ya gani.

Hattara: hawa bene ko dutse yana ba da hoton rufin gari mai kyau, amma daga sama tsakar gidajen mutane kake kallo, da matansu da makewayinsu. Nemi izinin mai benen, ka saita nesa, kada ka sunkuyar da kyamara kan gidan da ke ƙarƙashinka.

7. Tsaya, wani zai shigo

Bango shi kaɗai hoton bango ne. Bayan ka saita, kada ka bi mutane da waya, tsaya wuri ɗaya su za su shigo. Mai kurar ruwa, Keke mai ruwan ɗorawa a gaban jan bango, 'yan Islamiyya da hijabai kala ɗaya, tsoho a kan keke da rediyo a rataye, akuya ma ta yi. Minti goma na farko kai ake kallo. Bayan nan an gaji da kai, kowa ya koma harkarsa, a nan aikin yake farawa. Danna lokacin da mai tafiya ya buɗe ƙafa kuma akwai sarari a gabansa, ba lokacin da ya kusa fita ba. Ga mai tafiya 1/250, ga Keke ko babur 1/500, ga dawakin hawan sallah 1/1000. A waya yi amfani da ɗauka a jere, ka zaɓi ɗaya daga baya.

Wanda ya shigo daga nesa, ko ta baya, ko a inuwa, ba matsala. Wanda fuskarsa ta fito sarai, bi shi ka nuna masa. In ya ce goge, goge.

8. Wurare uku masu nasu sharaɗi

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wajen Ƙofar Ran, wanda aka buɗe a 1979, ya saɓa wa duk abin da na faɗa a kan lokaci. Ana shiga ta wani siririn lungu mai duhu, a bi a hankali har a fito fili inda kabarin yake, katangu dogaye masu ado kala-kala sun kewaye shi, sama a buɗe. Saboda tsawon katangun, da safe da yamma ƙasan wurin inuwa ce, sai rana ta ɗaga haske ke sauka ciki. A lungun duhun kada ka kunna filashi, duhun da gangan aka yi shi. Saita a kan inda hasken ke shigowa, ka bar sauran ya yi baƙi. Tambayi ma'aikatan wurin kafin ka ɗauka, musamman a ɗakin da aka ajiye kayansa. Kabari ne, a yi wa mamaci addu'a, a rage murya.

Fadar Sarkin Bauchi: daga fili ana ɗaukar ƙofa, amma fara gaida dogarai, su za su nuna maka inda za ka tsaya da inda ba a juyawa. Shiga ciki sai an nemi izini ta hannun jami'an fada, kuma ba a ranar ake nema ba. Ranar hawa je da wuri ka kama gefe, rana a bayanka, ka rufe kyamara da ƙyalle tsakanin ɗauka saboda ƙura. Kada ka shiga gaban dawaki don hoto.

Mai son ganin ginin ƙasa na gwanaye, ya ware wuni guda ya tafi Kafin Madaki a kan hanyar Ningi, inda Gidan Madaki yake, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Abin ɗauka a can rufin ciki ne. Tafi da sanda mai ƙafa uku, sa ISO ƙasa, ka kunna ƙidayar daƙiƙa biyu don kada hannunka ya girgiza hoton. Ka fara isa wurin masu gidan ka gabatar da kanka.

9. Tacewa da gyara

Kada ka zaɓa a ranar. Kwana ɗaya tukuna, idonka ya huce. In ka ɗauki ɗari biyu, fitar da ashirin, daga ashirin fitar da biyar. Kafin komai kwafe su duka wuri biyu, kwamfuta ko filas, da Google Photos ko makamancinsa.

Manhajojin gyaran hoto Snapseed da Lightroom na waya sun isa, kuma ga jerin: fara miƙe layuka da abin gyaran karkata, sai yanka, sai rage farin da ya yi yawa, sai ɗaga inuwa kaɗan, launi a ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika launi har jar ƙasa ta koma kamar manja, sama kuma kamar bulan wanki. Ginin ƙasa launinsa tsakanin ja da toka yake. In ka gama, ajiye wayar minti biyar ka sake dubawa, yawanci za ka rage rabin abin da ka ƙara. Hoton hazo da ya ƙi launi, gwada shi a baƙi da fari.

Sa wa kowane hoto suna: unguwa, ƙofar da ta fi kusa, rana da shekara. Wuri kamar Wunti, tun da aka fara aikin gadar sama fuskarsa ta sauya, hoton da ba kwanan wata ba wanda zai san na yaushe ne. Amma in za ka sa a Facebook ko Instagram, sunan unguwa ya isa, ban da sunan mai gida.

10. Wanki da mai da alkawari

Kada ka tura wa mai wanki hoto ta WhatsApp yadda aka saba turawa, yana matse shi. Tura shi a matsayin fayil, ko ka kai a filas. Sannan ka san girman takarda. Hoton kyamara 3:2 ne, yana zama daidai a 4x6 da 8x12. Na waya 4:3 ne. In ka ce a yi maka 8x10, dole a yanke wani gefe, kuma injin ba ya tambaya. Wani shago ya taɓa miƙo mini zaure ba zanko ko ɗaya, an aske su tas. Yanke da kanka daidai girman da kake so kafin ka kai, ko ka ce a bar farin gefe. Fara wanke ƙarami ɗaya ka gani, don takarda takan fi fuskar waya duhu. In ya yi duhu, ƙara haske kaɗan sannan a yi babban. Ga ginin ƙasa takarda marar sheƙi ta fi.

Wanke biyu, ɗaya naka ɗaya na masu gida, ka rubuta kwanan wata a baya da fensir, ba biro ba, don biro na huda takarda ya fito ta gaba. Sa nasu a leda ko firam mai arha, ka kai da hannunka cikin mako biyu, kafin a manta fuskarka. Da na kai wa Baba nasa, ya riƙe shi nesa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ƙwala wa jikansa kira ya ce a buɗe mini soron ciki, akwai wani rufi da ban gani ba. Saboda haka ranar kai hoto ma ka tafi da batir a cike da sanda mai ƙafa uku.